Dodon 'Yar Fari

A wajen auna dodo ban ga wanda zan sara wa ba a duk Garwa. Gaskiya dai ban san wani mai yin wasan ba in ba ni ba, amma wannan ba laifina ba ne. Wani abokin karatu ne ya koya mini, na kawo shi gida na sauya masa kaya: na kori dodannin Turawa, na zuba namu, kura da kada da dorinar Binuwai.

Wasan ba wuya. Ni ne mai ba da labari, kowane yaro kuma yana da jaruminsa da murfin kwalbar lemo guda biyar, su ne ransa. Dodo ma yana da nasa murafan. Sai a riƙa jefa ɗan ludo bi da bi. In ya nuna huɗu ko sama, an sari abokin gaba ke nan, a ɗauke masa murfi ɗaya. Wanda nasa suka ƙare ya faɗi. Gwanintar duk tana ga yawan murafan dodo. Ka ba shi biyu, yara su yi ta hamma. Ka ba shi goma, a tashi da kuka. Huɗu ko biyar, nan daɗin yake, yaro zai iya ci amma sai gumi ya karyo masa.

A shekarun da hanyar arewa ta daina biyuwa da iyali, muka bar zuwa hutu Kuseri wajen kakar yarana. Dogon hutu ya same mu a gida, ga yara uku sun rasa abin yi. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, in cika aljihuna da murafa in zauna. Ƙananan biyu maza ne, a wasan ɗaya maƙeri ɗaya masunci. Babbar, 'yar farina mai shekara goma sha uku, ta ce ita maharbiya ce.

To a gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yaba shi a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Haka na tashi na ga iyayena, haka na riƙe, har ina taƙama da hakan. “Ke” nake ce mata. Ina sonta fiye da yadda bakina zai iya faɗa, kuma bakin nawa bai taɓa gwadawa ba.

Abin da ban lura ba shi ne kunyar nan ta bi ni har cikin aljihu. Idan maƙeri ya buɗe ƙofar kogo, hannuna ya fito da murfi uku ko huɗu. Idan maharbiya ce, sai in ji kamar duk unguwa ta leƙo ta katanga tana jiran ta ga Malam ya sassauta wa 'yarsa. Sai hannun ya fito da takwas. Kura ta cinye ta, kada ya ja ta ruwa, dorina ta take ta. Ƙannenta su yi ta dariya, ita kuwa ta tattara murafanta ta ce gobe za ta sake. Ni a raina har yaba mata nake, wai yarinya mai juriya. Wata rana aka shimfiɗa tabarma ba ta fito ba, washegari ma haka.

Yayata ce ta tone ni. Tun kafin yarinyar ta daina fitowa ta zo mana daga unguwar Dugoy ta Marwa, ta yi kwanaki tana zaune gefe tana ɓare gyaɗa, ashe lissafi take. Ta jira yara suka watse, ta ce, “Kai, zo nan. Dodon yarinyar nan da na ƙannenta, uwarsu ɗaya?”

Na ce, “Yaya, ai sa'a ce. Ɗan ludo ne ba ya yi da ita.”

“Ɗan ludo ne ke zura hannu a aljihunka? Na ƙirga. Nasu huɗu, nata takwas. Jiya na same ta tana wanke-wanke, ta tambaye ni wai me ta yi maka. Wannan kunya ce ko mugunta?”

Na yi fushi, don ni mutum ne mai saurin hawa, musamman idan an fi ni gaskiya. Na ce ai Baba ma haka ya yi mata, ita da take 'yar fari. Ta ce, “Baba bai kira sunana ba, amma bai taɓa sakar mini kura ba.” Abin ya yi mini ciwo, don yarinyar da nake ɓoye wa so tana can tana zaton ƙi ne.

Gyaran dai na san shi, aikina ne. Na ari kwanoni uku a madafa. Kafin a fara wasa na auna dodanni uku daidai wa daida, na kife kowanne da kwano, Yaya ta jujjuya su har ni kaina ban san wane ne wane ba. Hannuna ya fita daga maganar.

Saura kiran maharbiya. Ba zan iya zuwa in lallashe ta ba, wannan har gobe ba zan iya ba. Na dubi ƙaramin na ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki: “Je ka ce wa yayarku dorina ta hana matan gari ɗibar ruwa, kuma garin nan ba maharbi.”

Ta daɗe kafin ta fito. Ta zauna a bakin tabarma ba ta dube ni ba, ta nuna kwanon tsakiya. Aka buɗe, murfi biyar. Ta ƙirga su da yatsa, ta leƙa ƙarƙashin kwanon ko akwai saura.

An yi gumurzu. Ta sari dorina, dorina ta rama, har kowa ya koma murfi ɗaiɗai. Ƙannen da suka saba dariya suka matso suna leƙe. Ta hura wa ɗan ludo iska ta jefa, ya yi ta birgima har gefen ƙafata, ya tsaya a biyar.

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki murfin dorina na ƙarshe tana juya shi, sannan ta ɗago ta dube ni da mamaki na gaske, ta ce, “Baba, ashe ana cin wasan nan?”

Wata biyu ke nan tana zama a tabarmar, kuma ba ta sani ba. Na sunkuyar da kai ina tattara kwanoni, na ce mata ana ci.