Abin da Inna Ta Faɗa wa Kamara

Ni ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu, can gefen Garhanga, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran nawa ba. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta juya wajen bango ta ce a gaya wa wancan tulu ba ruwa. Ba ta duban idona, ba ta zama inda nake zaune. Kowa ya sha gaya mini kunya ce, ba ƙiyayya ba. Na sani. Amma wallahi abin yana ci mini rai tun ina yaro.

Bayan na faɗi jarrabawar bak, ta gama sakandare, karo na biyu, na shiga wani horo a Madawa inda ake koya wa matasa ɗaukar fim da haɗa shi a ordinatar, wato kwamfuta, aikin da muke kira montaj. Kamara ɗaya tak gare mu, muna karɓa-karɓa. Malamin da ke koya mana, wanda muke kira mushe, mutum ne mai saurin fushi irina, mun sha hawa sama ni da shi. A hannunsa na koyi kafa kamara bisa ƙafafunta uku, da juya wa rana baya, da riƙe numfashi in babu abin jingina. Ya nuna mana mikoro, wani dogon abu mai gashi-gashi da ake ɗorawa a kan kamara. Ya ce da zarar ka jona shi, kunnen kamarar kanta ya toshe, komai ta wurinsa zai shiga. Pil ɗinsa, wato batir, daban, maɓallinsa daban.

Aikin ƙarshe shi ne kowa ya yi buɗewar fim, minti biyu. Nawa a kan matan da mazansu suka tafi biɗa ne, wato ci-rani, irin Inna, wadda babanmu ya yi shekaru a bakin teku tana riƙe da gida. Na tsara abin a takarda: hannuwan mace tana sheƙar gero, sannan ta ɗago kai ta dubi mai kallo. Na ce wa mushe ai uwata ma za ta yi. Ban gaya masa gaskiyar dalilina ba. So nake ta dube ni, ko da ta cikin gilashi ne.

Ranar da kamara ta zo kaina na hau mota zuwa Tamaske, daga nan na ɗauki kabu-kabu. Lokacin kaka ne, an tara damman gero a bakin rumbu. Gwaggo, ƙanwar babana, ita ce mai shiga tsakanina da Inna a kowace magana, ita na roƙa ta shawo kanta. Gwaggo ta zagaya mikoron tana dariya, ta ce wannan wace irin wutsiyar jaki ce na kawo musu. Ni kuma da bakina, don burga, na ce abin nan yana jin ko takun kaza a bayan gida.

Hannuwan sun fito da kyau. Ƙaiƙayi yana tashi, tsaba tana zuba a faifai, mikoro yana kwashe ƙarar tsaf. Sai aka zo ɗago kai. Na ce Gwaggo ta gaya mata ta dubi nan. Ta dubi rumbu. Na sake, ta dubi ƙasa. Tun hantsi muke abu ɗaya har rana ta take. Garinmu ba wuta, pil kuma guda ɗaya na zo da shi, shi ya sa duk lokacin da muka dakata nake kashe mikoro don kada ya sha. Haka muka saba da kowane abu mai pil, tun daga tocila har radiyo.

A karo na ƙarshe raina ya ɓaci. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi a gabanta ba, na ce duba ɗaya ma ya gagara, sai ka ce ba ita ta haife ni ba. Hannun Inna ya tsaya a kan faifai. Gwaggo ta ja ni gefe.

"Kai ma ka san ba ta ɗaga kai kana tsaye nan. Bar abin shi yi aikinshi, tahi ka sha iska."

Na danna jan maɓallin kamara, na fice ina huci. Na zauna gindin aduwa kusa da masallaci har aka kira azahar. Da na dawo Inna ta shige ɗaki, na naɗe kayana na kama hanya.

Sai a ɗakin montaj na ga abin da na ɗauko. A allon ordinatar hoto yana sama, sauti yana ƙasa, kore, yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto. Na tura gaba. Ga Inna ita kaɗai a tsakar gida. Ta ajiye faifai, ta gyara kallabi, ta matso. Ta ɗago kai ta dubi kamara kai tsaye. Ranar na fara ganin idanunta da kyau, ashe irin nawa ne. Sannan bakinta ya fara motsi. Ta yi magana mai ɗan tsawo, ta yi murmushi a tsakiya, ta share ido da gefen zane, ta ci gaba. Na duba ƙasa. Layin kore ya miƙe sambal, ko ɗigo babu. Ban kunna mikoro ba.

Mushe ya zage ni tas, sannan ya ce hoton ya fi na kowa, in ɗora wani sauti a kai. Na ɗauki ƙarar daka a gidan maƙwabta na shimfiɗa ƙarƙashin fuskarta. Ranar nunawa aka tafa mini, ni kuwa kamar in nutse.

Da na je gida da salla, Gwaggo ta tare ni a zaure ta ce Inna tana tambaya ko wancan ya ji. Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya, amma ta daina fifita wuta. Ya kamata in faɗi gaskiya. Kunyar tsawar da na yi mata ta hana ni, da kunyar cika bakin da na yi. Na ce na ji. Inna ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta ci gaba da fifita. Na ce a raina zan sake aro kamara in dawo, akwai lokaci.

Damina ta gaba zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu. Kafin in iso an kai ta.

Bayan sadakar bakwai na sami Gwaggo tana tsince wake, na durƙusa na gaya mata komai. Na roƙe ta, don Allah, ta faɗa mini abin da Inna ta ce, tunda tana wurin. Ta daɗe tana dubana.

"Ba ni wurin, ɗana. Ta tambaye ni, da gaske abin ga shina ji? Na ce kai da bakinka ka ce ko takun kaza shina ji. Sai ta ce to in ba ta wuri, maganar ba tawa ba ce."

Hoton yana nan a wayata. Na cire ƙarar dakan tuni. Na iya rage gudun hoto yanzu, na iya tsayar da shi a duk inda nake so, na gwada duka. Wani wuri kusa da farko leɓɓanta suna haɗuwa yadda za su haɗu in sunana take faɗa, amma ba zan rantse ba. Har yau aikin kamara nake yi, biki da suna da taro. Kafin in danna jan maɓalli sai na duba mikoro sau biyu, abokan aikina suna yi mini dariya.