Gidan Baba Bukar Ya Zama Sito

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bukar, wanda tsofaffin Fagge suka sani da Matuƙi, na bayansu kuma suka sani da Malamin Lissafi. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna in rasa ta inda zan kama. Bana dai na kama, domin a watan jiya muka sayar da gidansa.

Fataucin kanwa ne ya kawo kakanmu daga Borno, ya zauna a Fagge bai koma ba. A nan aka haifi Baba, ya tashi jirage na wucewa ta saman rufinsu za su sauka. Yana saurayi ya shiga sojan sama, aka koya masa tuƙin jirgin ɗaukar kaya. Da yaƙi ya zo, shi ke tafiya da abinci da magani, ya dawo da masu rauni, wani lokaci da waɗanda suka cika a hanya. Wannan duk a bakin mahaifiyarmu, Inna, muka ji. Shi in ka tambaye shi, amsarsa ba ta wuce, "Aiki ne, an yi, an gama."

Ya ajiye kaki da sauran ƙarfinsa. Kowa ya zaci jirgin fasinja zai koma tuƙawa kamar abokansa, sai ga shi ya ɗauki alli a wata sakandare da ke bayan unguwarmu. Wai da Inna ta matsa masa da tambaya, cewa ya yi ya gaji da kai 'ya'yan mutane inda ba sa dawowa yadda suka tafi. A ajin nan ya tsufa.

A gida mutum ne mai tsari har ya so ya yi yawa. Ba ya tayar da tsohuwar motarsa sai ya zagaya ta, ya duba tayoyi, ya leƙa ƙarƙashinta, mu kuwa muna ciki muna ƙunshe dariya. Ran Juma'a shi ke yanke mana farce da kansa. Da Inna ta kwanta ciwo, shi ya shiga kicin yana tuƙa tuwo, maƙwabta na ta surutu, bai ko waiwaye su ba.

Muna yi wa juna addu'ar tsawon rai, amma ba ma faɗin abin da yake tahowa da shi. Baba ya haura tamanin. Shi ya binne Inna. Shi ya binne babban wanmu, Yaya Modu, wanda hatsarin mota ya ɗauke ya bar ƙananan yara. Ya binne kusan duk waɗanda suka yi soja tare. Ranar jana'izar Yaya Modu ina kallonsa ya shigo daga maƙabarta, ƙafafunsa duk ƙasa, abin da ya fara tambayata shi ne ko an kai wa baƙi abinci. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tasa ba ta ba da labarin komai ba. Ni kuwa na ɗauka haka ake yi, na koya.

A shekarunsa na ƙarshe tunaninsa ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan. Ni na dawo gidan ina jinyarsa. Da farko yana kirana da sunan Inna, daga baya ya koma ce mini Malama, yana yi mini godiya irin ta baƙo duk lokacin da na miƙa masa ruwa. Mutum ɗaya ne bai taɓa ɓace masa ba, Baba Danladi, Kirista ne mutumin wajen Zariya, wanda shi ke gyara masa jirgi tun suna samari, ya kuma yi ritaya a Sabon Gari. Duk Lahadi da la'asar, bayan an taso daga coci an huta, nakan sa Baba a adaidaita sahu in kai shi. Su zauna a baranda, a kawo shayi, ba mai cewa uffan, har a kira magariba mu taso.

Da hantsi Baba ya cika, bayan ya sha kunu. Na shafe masa idanu, na kira 'yan'uwa a waya, na fito da tabarmi. Masu ta'aziyya suka yi ta yaba tawakkalina. Ban musa musu ba, amma na san ba shi ba ne. Ji na yi kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, a taɓa ta ba ta san an taɓa ba. Na yi ta jiran ranar da jinin zai dawo. Har yau ina jira.

Fagge ta yanzu ba wadda ya sani ba ce. Kasuwar Kantin Kwari ta cika ta batse, tana cin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Layinmu da a da yara ke ƙwallo, yanzu manyan motoci ne ke sauke kaya. Mu da muka rage mun warwatsu, babu mai niyyar komawa, ga magada da yawa. Da wani ɗan kasuwa ya nema, aka zauna, kowa ya amince, ni ma na amince. Ba wanda ya cuci wani.

Bayan an miƙa makulli na je na gani da idona. An sare darbejiyar tsakar gida. An fasa bangon da ke tsakanin ɗakinsa da na Inna, an jibge dilolin atamfa har rufi. Mai gadin ya ce, "Hajiya, kaya za ki duba?" Na ce a'a, wucewa nake. Na tsaya ina tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga wannan. Na so in ce zai yi baƙin ciki, amma na san shi. Wayoyin lantarki zai bi da kallo, ya tambaya in gobara ta tashi ta ina mutanen ciki za su fita. Haka nake jin zai yi wa zamanin nan gaba ɗaya: ba zai zage shi ba, zai dai tambaya wa ya duba kafin a tashi.

Daga nan Sabon Gari na nufa, don ban so Baba Danladi ya ji a bakin wani. Rabona da shi tun sadakar arba'in. Na tarar idonsa ya tafi, yana zaune a barandar nan. Da muryata ya gane ni. Na gaya masa. Sai ya ce, "Kin yi kuka, Falmata?"

Na ce, "A'a, Baba. Gadonsa na yi."

Ya girgiza kai. "Ba gadonsa ba ne, 'yata. Ranar da aka binne Modu, da ya sallami baƙi nan ya zo. Ya shiga ɗakin can ya rufe ƙofa. Ni na zauna a bakin ƙofar don kada jikokina su shiga. Haka ya yi da mamanku ta rasu. Haka yake yi tun muna soja, duk ranar da ya sauko da gawa."

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na sani. Amma ban taɓa zaton Baba yana da ɗakin da yake kai nasa ba. Na kalli ƙofar, tsohon katako ne mai shuɗin fenti. Na so wani abu ya motsa a ƙirjina. Bai motsa ba. Na dai gane cewa rabin darasin na ɗauka, malamin kuma ya tafi.

To me ya rage? Gida ya tafi. Kakinsa asu ya cinye tun yana raye. Ɗalibansa su ma sun yi furfura, in mun haɗu a wurin biki ko rasuwa sukan ce Allah Ya jiƙan Malam, in ce amin, kowa ya kama gabansa. Jikokinsa sun san hotonsa, ba su san muryarsa ba. A duk Kano mutum ɗaya ya rage da ya taɓa ganinsa a cikin jirgi, shi ma ƙafarsa ɗaya na bakin hanya.

Da zan tafi, surukarsa ta kawo shayi. Baba Danladi ya laluba kofin, ya ce mata, "Kada ki sa madara a ɗayan, Bukar ba ya sha da madara." Ta dube ni, na dube ta. Ba wadda ta gyara masa. Na ɗauki kofin na sha yadda aka kawo shi.

Allah Ya yi wa Baba rahama, Ya sa can ta fi masa nan.