Ƙyaranar Inna ba ta sha gatari ba

Ranar da na ɓalle reshen ƙyarana, ɗaya daga itatuwan shingen garkar kakata, ruwanta fari ya fantsar mini a ido, sai da aka jiyo ihuna har titin da motocin Maraɗi ke jerin gwano. Na ɗauka aguwa ce, wadda muke tsotsar tohonta. Da madarar shanu aka wanke mini idon. Babana kuwa ya wasa gatari, ya ce gobe zai sare shingen gaba ɗaya.

Inna, mahaifiyarsa, ita ta kawo irin itatuwan daga ƙauyensu na tsallaken iyaka. Bayan sallar isha ta iza kara a wuta, ta tara mu, ni da kumburarren idona a gaba. Ta ɗaga murya yadda Baba da ke cikin zaure zai ji.

"Ga wata nan ta taho, ku tare ta. Angona mai ido guda, matso."

Wai Ruwan Sama ne ya yi girman kai, ya ce duk tsiron da bai durƙusa masa ba, ba zai sha ba. Kowa ya faɗi ƙasa, ban da 'yan'uwa uku. Aguwa ta zubar da ganyenta, ta tsaya da santsin jiki, ba ƙaya ko ɗaya. Tinya ta mulmule, ta yi toka-toka, ta ɗaura ɗan ganye a ka, ƙayarta ɗai-ɗai. Ƙyarana, uwar masifa, ta fitar da kusurwa, ta jera ƙaya bibbiyu, ta ɗaga hannuwa sama tana yi masa daƙƙuwa. Suka ɓoye ruwansu a ciki. Fari ya cinye masu durƙuson, su yana wucewa ya bar su tsaye.

"To wacce ake taɓawa?"

"Mai santsi!" muka amsa.

Sannan ta juya wajen zaure. "Kai mai gatari, in ka sare tawa, ka tahi ka sare ta daji duka? Yaro shi san abu, shi ne tsarinai."

Baba ya yi gyaran murya kawai. Da safe shi da kansa ya zaga da ni shingen, ina faɗin sunayen.

Na daɗe ina jin haushin Inna, don gani nake ta fifita itace a kan idona. Sai da tsaro ya lalace a yankinmu, dangi na Kano suka dame ni da waya in kwashe yara in bar Jibiya, na gane ta. Tsoro ina jin sa, ba na ɓoyewa. Amma 'ya'yana sun san hanyar da ake bi zuwa Bugaje da wadda ba a bi, sun san ƙarar babur ɗin da ake shigewa gida dominta. Jiya yayata ta Kano ta sake kira. Na ce mata in ta tashi zuwa, ta taho mana da shinkafa, muna nan.