Amshin "Wataƙila"

Shekarar da na dawo Birnin Gwari daga jami'a, wasu samari biyu na waƙa a bakin tasha, ɗaya da jita, ɗaya da ƙwarya. Direbobi ne kawai ke sauraronsu, su ma sai in mota ba ta cika ba.

Wata rana suka tare ni. "Malam, kai da ka yi boko, faɗa mana gaskiya, za mu yi suna?"

Ba na son ƙarya, kuma ba na son karya musu gwiwa. Na ce, "To, wataƙila. Amma ban tabbata ba."

Kafin kasuwa ta zagayo sun mayar da maganata amshin waƙa. Yanzu gidajen rediyo na sa ta, samarin suna cika filaye a birane, kuma har ƙauyen Kutemeshi an san bakin da amshin ya fito.

Abin bai dame ni sosai ba, ina jin, sai ranar da na je Kusasu gaishe da kawun yarinyar da nake nema. Tsohon ya rage muryar rediyonsa.

"Yaro, kana son 'yar nan tamu kuwa?"

Matan gidan suka kasa kunne a bayan zana, suna jiran amshi.

"Ina sonta, Baba."

Ya jira sauran. Na danne harshena.

"Madalla," in ji shi. "Mu ma za mu ba ka. Wataƙila."

An dai ba ni. Mawaƙan sun zo bikin, kuma ba sai na faɗi waƙar da suka fara da ita ba.