Barewar Baffa

Baffana, ƙanen mahaifina, maharbi ne da ya tsufa ya rasa abin harbi. A wajen Darki yake zaune, inda dajin da ya sani yana saurayi duk ya zama gonaki. Bindigarsa tana rataye a zaure, sai dai ya sauko da ita ya shafa mata mai ya mayar. Abin da ya rage masa ido ne. Zai kalli sawu a ƙasa ya gaya maka dabbar da ta wuce da lokacin da ta wuce, kuma ba ya son musu a kan haka.

Wata kaka ya shiga majalisar ƙofar masallaci ya ce barewa na cin masa wake. Aka bushe da dariya. Wanda ya fi kowa ƙarfin dariya taubashinsa ne, dillalin shanu a kasuwar Wudil, mutum mai baki kamar reza, wanda 'ya'yansa ke da karnukan farauta har shida.

"Barewa a Darki?" in ji shi. "Tsoho, idonka ya mutu. Akuya ce, ka je ka ba ta haƙuri."

Daga ranar yara suka laƙaba wa Baffa Sarkin Akuyoyi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya rage zaman majalisa. Ni ma na ji haushi, don a bayansa na fara shiga daji.

Ina aiki a jami'a a nan Wudil, kuma wani abokin aikina yana da kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya, wadda ke ɗaukar hoto da kanta duk lokacin da wani abu ya gifta. Na aro ta na hau babur. Baffa ya juya ta, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Malamin boko, wannan warin roba take. Barewa za ta jiyo ta tun daga Indabo."

Ya ɗebi toka ya saki a iska ya ga inda ta nufa, sannan ya zaɓi wata bishiyar ƙirya a gefen gona muka ɗaure ta. Na ce masa kada ya taɓa ta. Ya ce to. Na san irin wannan to ɗin nasa, amma na tafi.

Bayan mako guda na dawo da kwamfuta. Hotuna rututu, dukkansu launin ƙasa, ba ka ganin komai. Ashe ina juya baya Baffa ya samo ɗanyen kashin shanu ya shafe kyamarar kaf, har da idonta, don ya kashe warin. Na tsaya ina goge kayan mutane da gefen rigata, ina ambaton Allah, shi kuwa yana gaya mini haka maharban ƙwarai ke yi tun kafin a haifi ubana.

Mako na biyu hotunan sun fito tas, sai dai kusan duk Baffa ne. Ga Baffa ya leƙo, hancinsa ya cika hoton. Ga Baffa yana gyara hula. Ga shi ya kawo tsohuwar tabarma yana yi mata inuwa, wai rana ta yi zafi. A tsakani akwai zomo ɗaya, da zabin daji, da wata mata mai itace da ta tsaya ta ɗan rusuna wa kyamarar, ko me ta ɗauke ta oho. Akwai kuma akuyoyi uku, kuma da na ƙara girman hoton sai Baffa ya gane su: na taubashin ne. Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba.

"Sawun akuya daban," ya ce. "Na barewa siriri ne, kamar an caka tsinke biyu. Ban haukace ba, ɗan nan."

Na roƙe shi ya yi kwana biyar bai je wurin ba. Inna, matarsa, ta ɗauki alkawarin tsare shi, kuma ta fi ni iya wannan aiki.

Ranar Asabar da hantsi muka zauna a zaure, ni da shi, muna duba hotunan. Zomo, zomo, kare, ganye. Sai ga ta. Ja ce, siririya, da baƙin layi a gefen ciki, ta ɗago kai tana kallonmu da ganyen wake a baki. Na yi tsalle na kusa kifar da kwamfutar.

"Baffa, tashi mu je majalisa! Yau sai taubashinka ya haɗiye maganarsa!"

Bai motsa ba. Ya ce in matsa gaba. A hoto na gaba, a bayan ƙafafunta, akwai ɗan ƙaramin ɗanta, kunnuwansa sun fi kansa girma. Baffa ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga ido ya dubi bindigar, ya sake duban hoton.

"In ya gani, 'ya'yansa za su gani," ya ce. "Karnuka shida. Ba za ta kai jibi ba."

Na ce to sunan da aka sa masa fa? Ya ce in rufe abin in raka shi masallaci.

Bayan azahar taubashin ya hango mu tun daga nesa, ya ɗaga murya. "Sarkin Akuyoyi! Na ji an kawo na'ura daga jami'a. Me ta gani?"

Maganar tana bakina, har na buɗe shi. Baffa ya taka mini ƙafa da ƙarfi.

"Akuya ce," ya ce. "Taka ce ma. Ka ɗaure abarka."

Majalisa ta ɗauki shewa, wasu har da buga cinya. Baffa ya zauna a cikinsu yana murmushi, ni kuwa ban taɓa jin ina ƙaunarsa kamar ranar ba.

Sunan bai bar shi ba har yau. Hoton kuma na wanko masa ƙarami, yana cikin hularsa. A wannan kakar bai girbe waken gefen ƙiryar ba, da Inna ta tambaya ya ce bai nuna ba.