Shekarar da Muka Auna Hayaƙi

Na taɓa cin abinci da auna hayaƙi. Ba wasa nake yi ba, aiki ne sosai, har da takarda mai hatimi. A ƙarshe-ƙarshen mulkin farar hula na biyu ne, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, sabulu da madara suka zama sai wane da wane. A shekarar kuma ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fitar da kai ba. Ni ina zaune a Bodinga, na gama sakandare, ba aikin fari balle na baƙi, sai aka ɗauke mu aikin wucin gadi mu shida a wani ofishi da aka buɗe cikin gaggawa.

Shugabanmu wani mutum ne mai tumbi da ya taɓa yin kwas na 'yan watanni a ƙasar waje, bai kuma bari mun manta da hakan ko na yini ɗaya ba. Oga muke ce masa. Ya tara mu ya ce manya a birni suna son su san wane yanki ne mai tattali, wane ne mai ɓarna. Za mu shiga ƙauyuka mu auna itacen da kowane gida ke ƙonawa, da kananzir ɗin da yake sha, mu rubuta majiya ƙarfin da ke gidan, da irin taimakon da aka taɓa ba su. In an haɗa duka za a jera ƙauyukan daga na sama zuwa na ƙasa, da wannan jerin ne kuma za a raba hatsin taimakon fari. Aka ba kowa keke da sikeli mai ƙugiya irin na masu sayen auduga.

Akwai layi ɗaya a takardar da Oga ya fi ji da shi, wato sau nawa ake hura wutar girki a gida a yini. Ya hana mu tambaya. Ya ce mu sami wuri mu zauna mu kalli hayaƙi da idonmu, domin bakin talaka yana ƙarya amma hayaƙi ba ya yi. Har tafi muka yi masa da ya faɗi haka, Allah ya yafe mana.

Ƙauyuka biyu aka ba ni a ƙasar Shagari, can bayan Kajiji. Mai garin na farko gogaggen ɗan siyasa ne, ya san gwamnati kamar yunwar cikinsa. Tun kafin in iso labari ya riga ni. Na yini a gindin tsamiya ina ɗaga kai, garin nan tsit, ko hayaƙin taba ban gani ba. Mata sun gama girkinsu tun da asuba sun yayyafa wa murhu ruwa. Da azahar sai ga kaza soyayyiya an kawo mini a kwano, da zafinta, a garin da ba a hura wuta ba. Na cinye, na suɗe hannu, na rubuta abin da idona ya gani.

Ƙauye na biyu shi ne na gwaggona, yayar mahaifina, can ne ma aka haifi mahaifin nawa. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta maza biyu sun tafi ci-rani kudu, ita ke riƙe da matansu da jikoki. Tun daga hanya na ga gonakinsu sun ƙone ƙurmus, kara tsaye ba zangarniya. Amma da na zauna a bakin masallaci da safe, sai ga hayaƙi yana tashi daga kowane gida. Da rana ya sake tashi, da la'asar sakaliya ma haka. Har na ji daɗi a raina, na ce ashe dai sun ajiye na bara.

Da na shiga gaishe da Gwaggo na same ta tana tura kara a murhu, tukunya tana tafasa. Irin sabon da na yi da ita tun ina yaro ya sa na ɗaga faifan da ta rufe tukunyar da shi, in ga me zan ci. Ruwa ne zalla, ko ganyen tafasa babu.

Ba sabon abu ba ne a wurina, mantawa na yi. A wajenmu gidan da aka wayi gari hayaƙi bai tashi ba, kafin hantsi an san asirinsa a bakin rijiya, kafin kasuwa ta ci surukan 'ya'yansa sun ji. Don haka mace mai mutunci takan ɗora ruwa ta hura wuta a kan lokaci, ko da abin da za a ci bai wuce garin rogo ko zogale sau ɗaya a yini ba. Da aka ji kuma baƙon gwamnati zai zo kallo, sai mai gari ya sa aka bi gida-gida a ce kada wanda ya kunyata garin.

Gwaggo ta fizge faifan daga hannuna ta mayar. Ta ce, "Wa yak koya ma buɗin tukunyar mata?"

Na ce, "Gwaggo, ruwa na ciki, ba komi."

Ta ce, "Hayaƙi anka aiko ka gani ko cikin tukunya?"

Na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla, cewa in na rubuta sau uku za a ce su ƙosassu ne, hatsin da ke tafe ba za su samu ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kai dai rubuta abin da kag gani. Ban yi shekarunga ba don a kai gidana birni a ce ba a ɗora girki. Ubanka ma bai taɓa jin na yi roƙo ba, balle wasu can da ban sani ba."

Na je wajen mai gari, dattijo ne malami, na ce, "Ranka shi daɗe, a faɗa min gaskiyar halin da ake ciki." Ya ja carbinsa ya ce, "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asirin Allah." Na juya maganar ta kowace fuska, bai ƙara mini ko kalma ba. Da na tambayi majiya ƙarfi, kowane gida ya lissafo mini har da waɗanda suka tafi ci-rani, don a wurinsu ɗa ba ya fita daga gida saboda ya tafi nema. Na rataya karansu da kashin shanunsu a sikeli na auna. Na rubuta sau uku a kowane gida. Amma a gefen takardar, da fensir, na ƙara cewa ruwa kawai ake dafawa.

Da na koma Bodinga na kai wa Oga. Ya sa tabarau ya bi layi-layi har ya kai ga rubutun gefe, ya ɗago ya ce, "Wanga hwa?"

Na ce, "Yallaɓai, gaskiyar ke nan. Mutanen ba su da abinci, kunya ta ka sa su hura wuta."

Ya juyo da takardar wajena ya ce, "Nuna min layin da anka ce a rubuta kunya. Nuna min inda anka tambayi abin da ac cikin tukunya." Ya ce in kowa ya riƙa cusa ra'ayinsa a gefe, aikin ya tashi daga kimiyya ya koma tatsuniya. Sannan ya ɗauko kilina, abin goge rubutun fensir, daga aljihun tebur ya ajiye a gabana, ya shiga ba ni labarin cewa a cikinmu shida mutum biyu kawai za a riƙe aiki na dindindin.

Da hannuna na goge. Ba wanda ya riƙe mini wuya. Na goge tas har na hure ɓurɓushin, na kuma ce masa na gode. Shekaru da yawa na yi ina ba da labarin nan ina ɗora wa Oga da mutanen birni, kuma sun cancanta, don wanda ya zauna ƙarƙashin fanka ya yanke cewa hayaƙi shi ne tuwo bai san komai ba sai cikinsa. Amma su ba su ɗaga faifan ba, ni na ɗaga.

Da jerin ya dawo daga birni, garin mai kaza ne a sama. An yaba musu da tattalin itace da ƙarancin hayaƙi, an kuma ce su suka fi buƙata tunda ko wuta ba sa hurawa. Yadda aka yi abu ɗaya ya zama abin yabo kuma abin tausayi, wannan sai masu kwas. Garin Gwaggo ya zo can ƙasa: ga hannuwa da yawa ba amfanin gona, wato ragwaye, ga wuta sau uku, wato ƙosassu masu ɓarnar daji. Ba a rubuta musu ko tiya ɗaya ba. Ni kuwa aka riƙe ni aiki.

Ranar rabo ni aka ɗora a kan motar hatsi, kuma hanyar ta gefen garinsu ta bi. Sun ji ɗansu ne a kan mota, sai suka fito. Mai gari ya sa babbar rigarsa, an shimfiɗa tabarmi a inuwa, mata na tsaye baya da ƙore. Direba ko rage gudu bai yi ba. Na kwanta a tsakanin buhuna na rufe fuska da hula har muka wuce.

Sai bayan mako biyu na iya komawa. Na sayi rabin buhun gero a kasuwar Bodinga na ɗaura a keke, na shiga ta bayan gari don kada a gan ni. Na ajiye a gaban Gwaggo, na buɗe baki zan faɗa mata abin da na yi. Ba ta bari na fara ba. Ta leƙa ta kan danga ta shiga kiran maƙwabta, tana cewa su zo su gani, gwamnati ba ta manta da su ba, rubutun ɗanta ne ya yi aiki, wancan karon kuskuren direba ne.

Ta zauna ta raba geron nan da ƙoƙo, gida bakwai, nata bai fi na kowa ba. Matan suka kewaye ni, har da tsofaffin da suka yi goyon mahaifina. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sa mini albarka, Allah ya ƙara girma, Allah ya sa alƙalamin nan ya fi haka, Allah ya ba su 'ya'ya masu riƙon amana irina. Ina durƙushe a tsakiyarsu, kaina a ƙasa, kowace ta yi addu'a ina cewa amin.