Ranar da Na Rushe Gidan Tsattsewa

Bari in faɗi laifina tun da wuri: ina ɗan shekara tara na kai wa gidan tsattsewa yaƙi, a zatona gidan zanzaro ne. Kada ku yi mini dariya. Duka biyun laka ce manne a jikin azara, ni kuwa lokacin ji nake babu jarumi kamata a duk Unguwar Rogo.

Farkon damina ne, ƙasa na ta ƙamshi. Na yafa buhu a ka, na ɗauki doguwar gora, na shiga zauren kakana na kai suka. Maimakon zanzaro, sai ga 'yan tsuntsaye uku sun faɗo kan buzunsa, tsirara, bakinsu ya fi jikinsu girma.

Na san na shiga uku, don tsohon nan ya fi ji da tsuntsayensa a kan mu jikokinsa duka. Kullum da hantsi yakan zauna yana kallonsu: baya baƙi mai sheƙi kamar rinin da ya sha bugu, ciki fari, wutsiya a rabe kamar almakashi. Ba sa sauka cin tsaba irin na kurciya. A sama suke cafke ƙwari, ko ruwa ma a guje suke sha. In ya ga suna shawagi ƙasa-ƙasa, sai ya ce a kwashe shanya.

Uwarsu na ta shiga da fita tana ƙara, sai ga kakana da sandarsa.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Iska ce, Kaka."

"Iska mai buhu a kai? Aje gorag ga, ɗan nema."

Na riga na yi bankwana da fatar bayana, sai ya ce in kawo sakaina. Ya sa na hau turmi na ɗaure ta da waya daidai inda sheƙar take, muka shimfiɗa guntun ciyawa da gashin da suka zubo, muka mayar da su. Kakata ta leƙo ta ce tunda hannun mutum ya taɓa su, uwar ta tafi ke nan.

"To shi za shi zama uwassu," in ji kakana, yana nuna ni. "Shi riƙa kamo musu ƙuda da baki."

Muka koma gindin dogon yaro muna jira. Duk addu'ar da na iya na karanta, har ta cin abinci. Daf da azahar uwar ta kewaya sau biyu, ta kutsa zauren da ƙwaro a baki, bakuna uku suka ɗauki tsuwa.

Yanzu zauren ya zama shagon cajin waya, an yi masa silin, babu inda laka za ta kama, sai a ƙarƙashin gada nake ganin tsattsewa. Amma waɗancan ukun duk sun yi fiffike sun tashi, bayan na yi mako biyu ina share kashinsu.